Talatar Malama Eliana

Shekara talatin da ɗaya, duk ranar Talata,
Malama Eliana Huenchul na fita da asuba
daga tashar Talcahuano, a kwale-kwalen tsoho Nibaldo,
zuwa wuri guda, marar alama sai ɗigo a taswira,
ta saki igiya da kwalabe goma sha biyu
su je su tambayo mata lafiyar ruwa.

Gishiri nawa, sanyi nawa, iskar shaƙa nawa ta rage a ƙasa.
Da fensir take rubutu, tawada ba ta jure feshin teku.
Mu ɗalibanta muna rungume da bokiti muna amai,
ita tana cin burodi da albasa, tana cewa:
"Mai awo sau ɗaya jita-jita ya jiyo,
sai an shekara ashirin teku ke amsa gaisuwa."

Yau mun taru, za ta ajiye aiki.
Ga Rayen, ta sauko daga jirgin binciken kudu,
wata uku ba ta taka ƙasa ba, har yanzu tangaɗi take;
ta waya ɗanta ya koyi kiran sunanta.
Ga Anselmo mai duba kejin kifi a Chiloé,
kamfani ke biyansa ya faɗi abin da ba a son ji,
a gode masa, a sa takardar a aljihun tebur, sai rufewa.

Ximena na ma'aikata, ita ke yanka wa masunta kaso.
Bara sun ƙona taya a ƙofar ofishinta.
Ta ce ba ta riƙe su ba: lissafinta daidai ne,
yunwarsu ma daidai ce,
kowa da abin da yake aunawa.

Ni kuwa, da na cika kundi shafi ɗari uku
kan ramin da kaguwa ke shaƙewa a cikinsa,
ina hawa na sha huɗu a Santiago, kamfanin inshora,
ina ƙiyasta gidajen da ambaliya za ta ci nan gaba.
Albashi ba laifi. Takalmina ya manta jiƙa.
Na shigo ina sunkuyar da kai kamar mai tsohon bashi.
Ta dube ni ta saman tabarau:
"Baltasar, da lambobin wa kake lissafin naka?"
Na ce, "Da naki."
Ta yi dariya har da tari:
"Ashe kwalabena har bene suke hawa."

Sai da aka ci aka sha ta faɗi sauran zancen.
Kuɗin mai ya ƙare, hukuma ta ce aikin ya tsufa,
ba ya haifar da sabon labari.
Talata mai zuwa babu mai fita.
Muka yi tsit, mu masu manyan digiri,
kowa na juya cokali a kofin da babu kome.
Wata 'yar shekarar farko, Millaray, mai kwashe faranti,
ta tsaya da tire a hannu:
"Ƙarfe nawa ake tashi? Ban iya ba, amma ina koyowa."

Na biya man Talata shida. Iyakar jarumtata ke nan.
Rayen ta ɗauki huɗu, Anselmo ya ce zai yi magana da wani.
Ta farkon na bi su, na rungumi bokitina na da.
Malama ba ta shigo ba, ta tsaya a bakin gada,
hannu cikin aljihu, tana ƙanƙancewa a hazo.
Nibaldo ya kashe inji a kan ɗigon nan.
Yarinyar ta lashi bakin fensir,
ta buɗe littafi a layi na dubu da ɗari biyar da tara,
igiya na zarya a tafinta, tana nutsewa.